Malami a Ƙasa, Ɗaliba a Tsaye

Inna Jummai ba ta iya dama fura da bakinta a rufe ba, balle ranar da ɗanta ya dawo. Tun hantsi tsakar gidan Ado Ɗan Kasuwa a Gure ya cika da matan unguwa, wai sun zo yi wa Shu'aibu barka da sauka, amma rabinsu furar ce ta kawo su.

"Jirgin ƙasa ya hau tun daga Kano har Nguru," in ji Inna Jummai tana juya ludayi, "daga nan ubansa ya aika masa raƙumi. Ba irin 'yan lakwal ɗin nan namu ba ne, 'yan bokon Faransa da malaminsu mushe ke kora da bulala. Shi Turancin Ingilishi yake karantawa, kuma so ake ya koyar da wasu. Ko Baturen makarantar in ya rikice, wurinsa yake zuwa."

Wannan na ƙarshen ƙari ne irin na uwa, amma ba wadda ta musa, tunda ƙwaryar tana hannunta.

Ado mutumin Kano ne, ya shekara talatin yana sayar da yadi da goro a kasuwar Gure. Ƙanensa da ke Kano shi ya ɗauki Shu'aibu tun yana ƙarami ya sa shi boko, har ya kai makarantar horon malamai can tsallaken iyaka, ƙasar da Ingilishi ke mulki. Matar Shu'aibu, Zaliha, kuwa 'yar garin Bune ce, ɗiyar Malam Umara, wani dattijon Bamange da ke kawo dabino da kanwa rumfar Ado tun suna samari. Shu'aibu da kansa ya gan ta a hutun bara ya ce ita yake so, ita ma ba ta ɓoye ba. Aure ya shekara, amma in aka tara kwanakin da suka zauna tare ba su wuce arba'in ba.

Zaliha kaɗai ta lura mijinta bai sha furar ba. Ya rame, kuma duk lokacin da uwar ta ɗaga murya da yabo sai ya sunkuyar da kai.

Washegari da hantsi, da Ado ya tafi kasuwa, Inna Jummai ta gangara lambunsu na kwari ban ruwan albasa, Zaliha ta same shi a ɗaki zaune gaban littafi a rufe.

"Malam, me ke cin ka? Ko wani abu na yi?"

"Ba ke ba ce." Ya daɗe yana murza gefen tabarma. "Zaliha, na faɗi jarrabawa."

"Kai da ka fi kowa?"

"Na fi kowa a takarda. Amma akwai ranar da ake tsai da mutum gaban yara talatin a ce koyar. Dokar ita ce ba a Hausa a ajin, ko kalma ɗaya. Da hannu za ka nuna, da jiki, da kaya, har su gane. Ni kuwa na tsaya na yi ta zuba Turanci kamar indararo, yara suka zura mini ido, wani har ya yi barci. Malam Abarshi, wanda ke duba koyarwarmu, ya ce saura mini gwaji ɗaya. In na sake faɗi, in tattara kayana."

Zaliha ta zauna. Ta san abin da wannan ke nufi, don ba rumfar da Ado bai shiga ya ba da labarin ɗansa ba.

"Ya ba ni aikin hutu," Shu'aibu ya ci gaba. "Ya ce in nemi wanda bai taɓa jin Turanci ba in koya masa. In ya ɗan iya, in zauna a ƙasa, shi ya tsaya ya koya mini yadda na koya masa. Wai duk aibin da na gani a koyarwarsa, nawa ne. Ba ni da wanda zan iya buɗe wa cikina sai ke. Amma ki yi mini alkawari, ko Inna ko Baba, ko wani mahaluƙi, ba zai ji daga bakinki cewa na faɗi ba."

"Na yi alkawari," ta ce. Ba ta ko numfasa ba kafin ta faɗa, don tana son sa, kuma ba ta ga abin da zai yi wuya a ciki ba.

Suka fara. Kullum da gida ya yi shiru sai ya ɗaga ƙwarya ya faɗi sunanta da Turanci, ya ɗaga ludayi, ya tashi, ya zauna, ya buɗe ƙyaure ya rufe. Kwana uku Zaliha na binsa da ido kawai. Rana ta huɗu ta gaji.

"Malam, in faɗi gaskiya? Kana magana kana kallon rufin ɗaki. Ni ce ɗalibar ko azara? Kuma kafin kalma ta sauka kunnena ka jefo wata. Ni da nake koya wa ƙannena saƙar tabarma, sai in kitsa kaba ɗaya in tsaya, in bar hannunsu ya yi ta ɓata har ya gyaru. Ka faɗa sau uku ka yi shiru mana. A cikin shirun nan nake koyo."

Ya buɗe baki zai kare kansa, sai ya tuna maganar Malam Abarshi, ya rufe. Daga ranar ya fara kallon fuskarta, ya koyi gane lokacin da ta ɓata hanya tun kafin ta ce uffan. Suka riƙa dariya ƙasa-ƙasa kamar ɓarayin nama. Waɗannan makonni uku su ne mafi daɗi a aurensu, kuma ban ga laifinsu ba da suka manta gidan ba nasu ba ne su kaɗai.

Da lokacin juya darasi ya yi, Zaliha ta ƙi.

"In tsaya kana zaune a ƙasa? In ba ka umarni? Kunya ba za ta bar ni ba."

"Tica ba ya kunya. Karɓi karan nan, ki nuna abin da kike so da shi."

Da ƙyar ta karɓa. Kwana biyu tana ɗari-ɗari, a na uku kuwa ta zama malama sosai, har tana ɗaure fuska in ya yi jinkiri da gangan.

Ran Laraba igiyar guga ta tsinke wa Inna Jummai a lambu, ta dawo gida ɗauko wata. Ta shigo ba sallama, gidanta ne. Daga bakin danga ta hango surukarta tsaye da kara a hannu, ɗanta kuwa na zaune a ƙasa ba hula. Yarinyar ta faɗi wata kalma da ba Hausa ba, ba Barbarci ba, ba ta Alƙur'ani ba, sai ya miƙe zumbur. Ta faɗi wata, ya zauna. Ta nuna randa, ya je ya ɗebo ruwa ya kawo mata da hannu biyu. Sannan ta nuna tsintsiya. Malam Shu'aibu, wanda Bature ke neman shawararsa, ya duƙa yana sharar ƙofar ɗaki yana murmushi.

Inna Jummai ta ɗora hannu a ka ta yi salati da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo ta danga.

Kafin azahar an kirawo Ado daga kasuwa. Ya zauna a kan buzunsa, ya sa suka durƙusa gabansa.

"Zaliha, ubanki aminina ne, ba zan yi miki ƙazafi ba. Faɗa mini abin da uwarku ta gani."

Zaliha ta ɗaga ido ta dubi mijinta.

"Karatu ne, Baba," in ji Shu'aibu. "Turanci nake koya mata."

"Kai yaro, ni za ka mayar yarinya?" Inna Jummai ta katse shi, hawaye na zuba. "Na ga lakwal, na ga makarantar allo. A wace ƙasa malami ke zama a ƙasa ɗalibi na tsaye da sanda? A wane littafi aka ce malami ya yi shara? Mallake ka ta yi. An ba ta abu a garinsu ta zuba maka a abinci, shi ya sa ka rame, shi ya sa ba ka shan furata."

"To, amsa mata," Ado ya ce a hankali. "In karatu ne, me ya kai ka ƙasa? Kai da ka fi kowa a makarantarku, me za ka koya wurin mace da ba ta san alif na boko ba?"

Amsar ba ta fi kalma biyar ba, kuma tana bakinsa. Ya dubi ubansa, ya tuna yadda jiya ya riƙe hannunsa ya zagaya da shi kasuwa rumfa-rumfa. Ya dubi idanun da ke leƙe ta danga. Sai ya haɗiye ta. Ba mugu ba ne, matsoraci ne, kuma a wannan rana sakamakon ɗaya ne.

"Kun gani?" Inna Jummai ta ce. "Har bakinsa ta ɗaure."

Suka juya kan Zaliha. Aka lallashe ta, aka tsorata ta, ba ta ce komai ba sai, "Ban zuba masa komai ba, Allah shi ne shaidata." Inna Jummai ta nemi a sake ta nan take. Shu'aibu ya ce shi ba zai sake ta ba, kuma wannan kaɗai ne abin namiji da ya yi a ranar. Ado ya yanke cewa ta tafi gidan ubanta har a ga yadda yaron zai kasance in ba ta kusa.

Tana ɗaure kayanta ya shigo ɗakin yana kuka kamar yaro.

"Ki ba ni wata huɗu. In na ci, zan faɗa musu komai. Yanzu in na faɗa, Baba ba zai iya shiga kasuwa ba."

"Ni fa, wace kasuwa zan shiga?" ta tambaye shi. Ta ja ƙullin kayan ta ƙara ɗaurewa. "Alkawari na riga na yi. Ka je ka ci, Malam. In ka tsaya gaban yaran, ka tuna ka riƙa kallonsu."

Labari ya riga ta isa Bune, don masu jakunan kanwa sun fi ta sauri. Ba wanda ya zage ta a fuska, kuma da sun zaga da ya fi mata sauƙi. In ta je rijiya sai hira ta mutu. 'Yan matan da ke zuwa koyon saƙa wurinta iyayensu suka janye su ɗaya bayan ɗaya. Ranar da za a sa 'yar ƙanwar babanta a lalle, aka aiko a ce ta huta, kada ta wahalar da kanta. Wani abin da ya fi ci mata rai, wata amarya ta biyo ta har bayan gida ta raɗa mata cewa don Allah ta sammata ko kaɗan daga abin da ta yi wa mijinta. Ranar Zaliha ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Zaliha ba ta da madogara sai Malam Umara, uwarta ta daɗe da rasuwa. Sau uku yana zaunar da ita.

"'Yata, ni ban yarda ba. Amma mutane na tambayata a ƙofar masallaci, ba ni da abin ce musu. Ba ni ko kalma ɗaya in riƙe."

"Baba, alkawari na ɗauka. In na warware, na tozarta wani."

"Shi wanin, ya san abin da kike sha?"

"Ya sani."

Tsohon ya shafa gemunsa. Daga ranar bai sake tambaya ba. Ya daina kai dabino Gure, amincin shekara talatin ya yanke ba tare da an yi faɗa ba. Ya daina zama a dakalin masallaci bayan la'asar, yana idar da salla sai ya ɗauki takalmansa ya dawo gida. Mutum ne mai son hira, zaman ɗaki ya ci shi. Da zazzaɓi ya kama shi bai sami wani ƙarfi a jikinsa da zai yi kokawa da shi ba. Ranar da zai cika, da rana tsaka, ya riƙe hannunta ya ce, "Ban ji gaskiyar ba, amma na san wadda na haifa. Allah ya yi miki albarka." Zaliha ta buɗe baki za ta faɗa masa komai, alkawari ko ba alkawari, sai ta ga ya riga ya tafi.

A can makaranta kuwa ranar gwaji ta zo. Shu'aibu ya tsaya gaban yara talatin da ƙwarya da ludayi. Ya faɗi kalma sau uku ya yi shiru, yana bin fuskokinsu ɗaya-ɗaya. Da ya ga wani ya ɓata hanya sai ya koma baya ba tare da ya kunyata shi ba. Kafin a kaɗa ƙararrawa yaran na ba juna umarni da Turanci suna dariya. Hedimasta ya gyaɗa kai ya fita. Malam Abarshi ya kira shi gefe.

"Ka ci, kuma ka ci da kyau. Wannan jiran da ka koya, ba ni na koya maka ba, na yi shekara biyu ina fama. Wa ka samu a hutu?"

Shu'aibu ya fashe da kuka, ya kwashe labari duka ya faɗa masa. Fuskar dattijon ta sauya.

"Wata huɗu yarinya na ɗauke da sunan mai asiri don kada a ce ka faɗi jarrabawa? Ni ma na faɗi wannan gwajin a zamanina, kuma ga ni ban mutu ba. Ka iya tsayawa gaban yara talatin, ka kasa tsayawa gaban mutum biyu da suka haife ka. Takardarka tana nan, ba za ta gudu ba. Kama hanya gobe."

Ya isa Gure ranar kasuwa, bai biya ta gida ba. Ya tsaya a bakin rumfar ubansa, inda jama'a suka fi yawa, ya cire hula.

"Baba, ku gafarce ni, a nan zan faɗa don a nan maganar ta yaɗu. Kafin hutun da ya wuce na faɗi jarrabawa, saura ƙiris a kore ni. Malamina ne ya ce in koyar da wani sannan in zauna a ƙasa ya koyar da ni. Abin da Inna ta gani ke nan. Zaliha ba ta yi mini asiri ba, ni na sa ta yi alkawarin rufa mini asiri, kuma ta rufa. Yanzu na ci, da koyarwarta na ci. Duk wanda ya kai waccan maganar wani gari, don Allah ya kai wannan."

Ado ya ajiye yadin da yake aunawa.

"Da ka ce mini ka faɗi, da na ji kunyar kwana uku," ya ce. "Ka san Umara ya rasu? Yau kwana tara. Ko gaisuwa ban iya zuwa ba."

Shu'aibu bai sani ba. Ya zauna a kan turɓaya.

Su uku suka tafi Bune. Inna Jummai ba ta ce uffan ba duk tsawon hanya, abin da ba a taɓa gani ba. Suka tarar da Zaliha zaune a ƙofar ɗakin ubanta, ta rame har ba a gane ta da farko. Tsohuwar ta zube gabanta ta kama ƙafafunta.

"'Yar nan, idona ya gani, zuciyata ta ƙara. Ki yafe mini don girman Allah."

"Tashi, Inna, ba ya kyautu. Ke abin da kika gani kika faɗa. Na yafe miki."

Sannan ta juya ga mijinta. Ya kasa ɗaga kai.

"Malam, na ji ka ci. Na yi murna, wallahi na yi. Kai ma na yafe maka, don ban daina son ka ba ko kwana ɗaya, ko da na so in daina. Abu ɗaya nake roƙo. Abin da ka faɗa a kasuwar Gure, ka je ka faɗa a ƙofar masallacin nan bayan la'asar, gaban mutanen da suka riƙa tambayarsa."

Ya je ya faɗa, bai rage komai ba. Dattawan suka sunkuyar da kai, liman ya yi wa mamacin addu'a mai tsawo, wasu suka yi hawaye. Washegari mata suka cika gidan da ƙoren abinci da ban haƙuri, har da waɗanda suka janye 'ya'yansu.

Bayan sadakar arba'in Zaliha ta koma ɗakinta. Da aka tura Shu'aibu koyarwa ya tafi da ita, suka zauna lafiya, Allah ya ba su zuri'a. Inna Jummai ta mayar da yabon da take wa ɗanta kan surukarta, ba mai zama kusa da ita bai ji labarin Zaliha ba. Shi kuma ya zama malamin da ake turo wa sababbin malamai su koyi aiki, kuma duk wanda ya zo, abin da yake fara gaya masa shi ne ya taɓa faɗuwa.

Haƙurin Zaliha bai tafi a banza ba, ta sami mijinta, ta sami sunanta, ta sami girman da ba a saye. Amma ku masu tasowa, kada ku ɗauki rabin darasin ku bar rabi. Faɗuwa ba abin kunya ba ce, kowa na faɗuwa ya tashi. Wanda ya ɓoye tasa don tsoron bakin mutane, wani ne zai ɗaukar masa ita, kuma yawanci wanda ya fi son sa ne. Shu'aibu ya faɗi gaskiya a gaban gari biyu, kowa ya ji. Mutum ɗaya da ya roƙi kalma ɗaya tak ya riƙe, shi ne bai ji ba.